Mallakar Ƙaramin Jirgin Sama Don Nishaɗi: Daɗinsa da Abin da Yake Ci

Tambaya: Na haura shekara 40, ina da sana'ata, kuma tun ina yaro nake sha'awar tuƙa jirgin sama. Ba aikin matuƙi nake nema ba, nishaɗi kawai. Na ga ana tallar tsofaffin jirage ƙirar Cessna 172 a Amurka, kuɗinsu bai wuce na sabuwar babbar jif ba. In saya? Me ake kashewa bayan saye, kuma a nan Najeriya abin zai yiwu?

Amsa: Malam, ka fara koyon tuƙin tukuna, ka yi shekara guda kana haya bayan ka karɓi lasisi, sannan a dawo kan maganar saye. Kuɗin da ka gani a jikin tallar nan shi ne mafi sauƙi a cikin abin da za ka biya. Abin da ke raba wanda ya more jirginsa da wanda jirgi ya zame wa alaƙaƙai shi ne awa nawa yake yi a sama cikin shekara, kuma duk lissafin da zan yi maka a kan wannan ya rataya. Farashin da zan ambata ƙiyasi ne na kasuwar Amurka, domin can ne cibiyar harkar: suna da jiragen da ba na jigilar fasinja ba fiye da 200,000, da filayen sauka kusan 5,000 da kowa zai iya amfani da su.

Daɗin kam na gaske ne. Manyan jiragen fasinja can ƙafa 35,000 suke tafiya, abin da kake gani ta 'yar taga gajimare ne kawai. Ƙaramin jirgi kuwa tsakanin ƙafa 2,000 zuwa 8,000 yake yawo, yana gudun kilomita 200 zuwa 220 a awa. A wannan tsayin kana bin kogi da ido har inda ya karkata, kana rarrabe gona da fadama, kana gane garin da kasuwarsa ke ci daga cincirindon motoci. Da sassafe, kafin rana ta gasa ƙasa, iska takan kwanta luf, jirgi ya tafi ba ko girgiza. Amma abin da ya fi riƙe mutane shekara da shekaru shi ne gwaninta. Saukar yau ba ta jiya ba ce, iskar gefe ta sauya, nauyin jirgi ya sauya, kullum akwai abin gyarawa a hannunka. Ranar da malami ya sauka daga jirgi ya ce ka zagaya filin kai kaɗai, galibi bayan awa 15 zuwa 25 na koyo, ba matuƙin da ke mantawa da ita. Ga kuma zumunci: duk watan Yuli jirage wajen 10,000 ke taruwa a garin Oshkosh na jihar Wisconsin, da yawansu masu su ne suka harhaɗa su da hannunsu a gida.

Kafin ka biya kowace makaranta ko sisi, je ka yi gwajin lafiya wurin likitan da hukumar jiragen sama ta amince da shi. Za a duba ido, ji, zuciya, hawan jini da ciwon siga. A shekarunka nan ne ake fara cin karo da matsala, kuma gara ka sani tun da wuri. Lasisin matuƙi mai zaman kansa yana bukatar aƙalla awa 40 a sama a dokar Amurka, 45 a ta Turai, amma yawancin ɗalibai sai sun yi 60 zuwa 75 kafin su shirya wa jarrabawa. Hayar 172 da mai a ciki takan kama dala 150 zuwa 220 a awa, malami dala 50 zuwa 90, don haka ka ware dala 12,000 zuwa 20,000. Hanyar rage wannan kuɗi ita ce yawan tashi, sau biyu ko uku a mako. Mai zuwa sau ɗaya a mako biyu rabin darasinsa a tuna abin da ya manta yake ƙarewa. A gida akwai Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, akwai wata a Ilorin, sai dai tsarinsu ya fi karkata ga masu neman aikin tuƙi. Da yawa suna tafiya Afirka ta Kudu ko Amurka, su dawo hukumar NCAA, mai kula da sufurin jiragen sama a Najeriya, ta tantance lasisin kafin su tuƙa jirgi mai rajistar Najeriya. Lasisin ma yana son kiwo: ba ka ɗaukar fasinja sai ka yi tashi uku da sauka uku cikin kwana 90 da suka wuce, kuma a dokar Amurka duk wata 24 sai malami ya sake duba hannunka.

Shi kansa jirgin, ka yi zaɓi mai kyau. An fara sayar da Cessna 172 a 1956, an ƙera fiye da 44,000, babu jirgin da aka ƙera da yawa kamarsa. Ma'anar wannan a gare ka ita ce kayan gyaransa suna samuwa kuma kusan duk injiniyan ƙananan jirage ya san shi. An dakatar da ƙera shi a 1986, aka ci gaba bayan shekara 10. Na yanzu, 172S, yana da injin Lycoming mai silinda huɗu da ƙarfin doki 180, sabonsa ya haura dala 400,000. Waɗanda kake gani da araha na shekarun 1970 ne, ana samunsu daga wajen dala 60,000 zuwa 150,000, gwargwadon lafiyar inji da na'urorin da ke gaban matuƙi. Tsufa shi kaɗai ba aibi ba ne ga jirgi. Na 1975 da ake tashi da shi kullum ya fi na 2005 da aka jingine.

To ga lissafin. Jirgi kamar doki yake, ko an hau ko ba a hau ba sai ya ci. Akwai kuɗin da za ka biya duk shekara ko da bai motsa ba. A ɗauka inshora dala 2,000 (sabon matuƙi yakan biya fiye da haka), hayar rumfar ajiya dala 400 a wata, wato 4,800, binciken shekara na dole dala 2,500 idan ba a gano wata babbar matsala ba, sabunta taswirar na'ura da ƙananan takardu dala 700. Jimla dala 10,000. Sai kuɗin da ke tafiya da kowace awa. Inji yana shan galan 9, wato kimanin lita 34, a kan dala 6 da rabi galan, kusan dala 60 ke nan. Baƙin mai da filta, da ake canzawa duk awa 50 ko wata huɗu, dala 5. Kamfanin Lycoming ya ba da shawarar a yi wa injin garambawul bayan awa 2,000 ko shekara 12, aikin da kan ci wajen dala 40,000, don haka duk awa ka jefa dala 20 a asusu. Wata dala 20 kuma ta taya, birki, batir, fulogi da maganeto (na'urar da ke ba fulogi wuta), wanda ake buɗewa a duba duk awa 500. Ya zama kimanin dala 105 a awa.

Yanzu raba waccan dala 10,000 a kan awannin da za ka yi. Idan awa 50 ne a shekara, kowace awa ta tsaya maka dala 305. Idan 100 ne, dala 205. Idan 200 ne, dala 155. Tunda haya tana wajen dala 190, sai ka kai awa 120 a shekara kafin saye ya fara kamo haya, kuma ban sa kuɗin da ka binne a jikin jirgin ba, wanda da yana juyawa a kasuwancinka. Awa 120 kuwa fiye da awa biyu ne duk mako, ba fashi, da damina da hunturu. Mai sana'a da iyali da wuya ya kai haka. Shi ya sa na ce ka yi shekara kana haya, littafin awanninka zai faɗa maka gaskiyar da zumuɗi ba zai faɗa ba.

Zaman jirgi ba aljihu kaɗai yake ci ba, har injin yake ci. A injin Lycoming, sandar da ke buɗe bawul a saman inji take, baƙin mai yana tsiyayewa daga jikinta idan an daɗe ba a tayar ba. Danshin iska da tururin da ƙonewar mai ke bari a ciki sai su kama ƙarfen, tsatsa ta yi masa ƙananan ramuka, ranar da aka tayar ramukan su fara goge ƙarfe, garinsa ya bi baƙin mai ya zagaye inji. Injin da ya kamata ya kai awa 2,000 sai a buɗe shi a 900. Kunna shi a ƙasa na minti goma ba magani ba ne, ƙara ɓarna ne, don yana haifar da tururi amma bai yi zafin da zai kore shi ba. Maganin shi ne a tashi da jirgin wajen awa ɗaya, baƙin mai ya kai digiri 80 da 'yan kai, aƙalla sau ɗaya a mako ko biyu. Saboda haka idan ka ga talla an rubuta cewa inji awa 300 kacal ya yi tun garambawul, tambayi shekarar da aka yi garambawul ɗin. Awa 300 cikin shekara 20 ba abin murna ba ne.

Idan ka kai ga saye, kada ka biya sai injiniyan da kai ka ɗauka, wanda bai taɓa yi wa mai jirgin aiki ba, ya bincika shi. Ya fara da kundin tarihin jirgi, na jiki da na inji da na farfela, tun daga ranar ƙera shi. Kundin da ya ɓace yana karya darajar jirgi sosai, don ba a san abin da ya faru a waɗancan shekarun ba. Ya gwada matsin kowace silinda, ya zura 'yar kyamara ta ramin fulogi ya ga bawul da bangon silinda, ya yanka filtar baƙin mai ya baje takardarta a nemi garin ƙarfe. Ya buɗe murafen ƙarƙashin fiffike ya haska, ana neman farin gari irin na alminiyon da ya fara ruɓewa, musamman a jirgin da ya zauna kusa da teku. Ya duba bangon da ke raba inji da ɗakin matuƙi: idan ya yamutse, an taɓa dira da tayar gaba da ƙarfi. Ya tabbatar an cika duk umarnin gyara na dole da hukuma ta fitar. Ɗaya daga ciki ya shafi layin da kujerar Cessna ke gudu a kai, domin idan ramukansa suka cinye, kujera na iya zamewa baya lokacin tashi, matuƙi ya janyo sitiyari ba da niyya ba, hancin jirgi ya ɗaga fiye da kima. Idan 172N ne na 1977 zuwa 1980, a ƙara sa ido, injin O-320-H2AD da aka sa masa ya yi ƙaurin suna wajen cinyewar waccan sandar bawul. A kuma bincika ko akwai bashin banki a kan jirgin. Duk da haka, ka ajiye kuɗi a gefe don binciken shekarar farko, sabon injiniya yakan tono abubuwan da na baya ya saba kawar da kai a kansu.

Kujeru huɗu ne a ciki, amma ba jirgin mutum huɗu ba ne. 172S yana ɗaukar kimanin kilo 400 bayan nauyin kansa. Cika tankuna, lita 200, ya cinye kilo 144. Saura kusan 255, wato manya uku masu kilo 80 da 'yar jaka. Zafinmu kuma yana ƙara matse wannan lissafi, domin iska mai zafi ba ta da kauri, fiffike da farfela da inji duk suna samun ƙarancinta. Ƙa'idar ita ce duk digiri ɗaya da zafi ya haura mizanin da aka sa wa tsayin filin kamar an ɗaga filin ne da ƙafa 120. Filin jirgin Kano yana wajen ƙafa 1,560, mizanin zafinsa digiri 12 ne. Ranar bazara mai digiri 40, jirgi ji yake kamar daga ƙafa 4,900 yake tashi. Na Jos yana wajen ƙafa 4,200, da digiri 30 kawai ya koma kamar 7,000. Inji irin wannan yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000. Sakamakon shi ne gudu mai tsawo a titi da hawa a hankali. Lissafa wannan daga teburin littafin jirgi kafin kowane tashi, kuma da rana tsaka a watan Afrilu ka rage mutum ko ka rage mai.

Maganar haɗari, ban ga amfanin ɓoye ta ba. Tuƙin ƙaramin jirgi ya fi hawa jirgin fasinja haɗari nesa ba kusa ba, kuma yawancin haɗurran daga hukuncin matuƙi suke fitowa, ba daga lalacewar inji ba. Mafi muni shi ne mai lasisin gani da ido, wato wanda ba a horar da shi tuƙi da na'ura kaɗai ba, ya shiga inda ba ya ganin iyakar ƙasa da sama. Kunnen ciki, wanda ke gaya wa mutum ko a miƙe yake, yakan yi ƙarya idan ido ba shi da abin kamawa. Jirgi ya karkata a hankali, matuƙi yana jin daidai yake, har ya shiga juyi yana gangarowa. Abin da ya kashe John F. Kennedy ƙarami ke nan a Yulin 1999, cikin hazo da dare a saman teku kusa da tsibirin Martha's Vineyard. Mu a nan hazon ba baƙo ba ne. Dokar tashi da ido tana son ka iya hangen kilomita 5, amma daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu takan rufe Kano da Maiduguri da Sakkwato har manyan jirage su fasa sauka. Ka duba ƙasa ta ƙarƙashinka ka gan ta, ka duba gaba ka ga fari fat. Da damina kuma hadarin yamma ne, wanda ake so a ba shi tazarar kilomita 35. Duk mai niyyar tashi a Arewa da gaske, a ganina ƙarin lasisin tuƙi da na'ura wajibi ne a kansa, kuma wannan wasu awa 40 ne na horo.

Sai mai. Gejin mai na tsofaffin Cessna ba abin dogaro ba ne, hau tsani ka zura sanda a tanki ka gani da idonka, ka kuma tsara sauka da ragowar awa guda, ko da doka minti 30 ta ce da rana. Kafin kowane tashi a tatsi mai daga ƙasan tankuna cikin kofi mai haske (172S yana da wuraren tatsa 13). Man 100LL, wato fetur ɗin ƙananan jirage irin wannan, shuɗi ne, ruwa kuwa yakan kwanta a ƙasan kofi fari. Idan ka ji warin kananzir, ko ɗigo ya bar maiƙo a takarda bayan ya bushe, an haɗa da man manyan jirage, kuma wannan yana farfasa fistin jim kaɗan bayan tashi. Tsofaffin 172 masu kafireto suna da wata matsalar da mutanen ƙasar zafi ke raina ta: ƙanƙara. Fetur na yin tururi a maƙogwaron kafireto, zafin wurin ya faɗi da digiri 20 ko fiye, danshi ya daskare ya toshe hanyar iska, ko da a waje digiri 25 ne. Ranakun damina masu danshi su ne lokacinta, musamman idan an rage totur za a sauka. Alamarta juyin inji ya ragu a hankali. Ka ja hannun da ke tura iska mai zafi cikin kafireto gaba ɗaya, inji zai ƙara gargada na ɗan lokaci saboda yana haɗiye ruwan da ya narke. Kada ka mayar, bar shi har ya washe.

Game da Najeriya, doka ba ta hana ba. Za ka nemi izinin shigo da jirgi, ka biya kwastan, NCAA ta yi masa rajista da lambar da ke farawa da 5N, ta ba shi takardar cancantar tashi, kai kuma ka karɓi izinin zirga-zirgar da ba ta kasuwanci ba. Wannan izinin ya haramta maka ɗaukar kowa don kuɗi, kuma hukumar ta sha dakatar da waɗanda suka karya shi. Kowace tafiya akwai takardar shirin tafiya da kuɗin hukumar NAMA mai kula da sararin samaniyar Najeriya, da kuɗin sauka da na ajiya. Jirgin kansa sai dai a kwance fukafukansa a sa shi a kwantena, ko a biya ƙwararre ya tuƙo shi ta Kanada da Girinlan da Aisilan da Turai.

Babbar matsalar ita ce man 100LL yana wuyar samu a ƙasar nan, idan an samu kuma da tsada, filayen jiragenmu man manyan jirage suke ajiyewa. Kwalejin Zariya ma ta sayo jiragen Diamond DA40 da DA42 masu injin dizal da ke shan man Jet A-1, wato man manyan jirage. Daga Kano zuwa Abuja kilomita 360 ne a sama, ƙasa da awa biyu a 172, amma idan babu manka a can sai ka ɗauki na dawowa tun daga gida. Don haka a nan tambayar farko ba wane jirgi kake so ba ce, wane mai za ka samu a filin da za ka ajiye shi, kuma wane injiniya mai lasisi ne zai sa hannu a kundinsa. Kayan gyara duk da dala ake sayowa, ƙaramin abu na iya zaunar da jirgi makonni yana jiran kwastan, ka kuma ji abin da zama ke yi wa inji. Ƙurar hunturu ma tana son rumfa mai rufi, da toshe kafofin iska, da yawan duba filtar iska.

Da ni ne mai ba ka shawarar ƙarshe bayan shekarar hayar, hanya biyu zan nuna maka. Ta farko tarayya: mutum uku ko huɗu su sayi jirgi ɗaya, dala 10,000 ɗin nan ta koma 2,500 a kan kowa idan huɗu ne, jirgin kuma yana tashi kullum. Sai dai a rubuta yarjejeniya tun farko: nawa kowa ke zubawa a wata, nawa a kowace awa, wa ke biyan abin da inshora ba ta biya ba idan wani ya lalata jirgin, wa ke da jirgi ranar Sallah, da yadda mai son fita zai sayar da kasonsa. Ta biyu, idan kai da mutum ɗaya ne za ku riƙa yawo, ka duba ƙananan jirage masu kujera biyu da injin Rotax 912, wanda ke shan lita 15 zuwa 20 a awa kuma yana aiki da fetur ɗin mota. Mai ƙarfin doki 100 yana bukatar fetur mai lambar inganci (okten) 95, mai ƙarfin doki 80 yana karɓar 90. Ko wanne ne, a sayi man daga wuri ɗaya amintacce, a tace shi da mazurari mai raba ruwa, kuma kada a bar shi ya wuce wata guda a tanki.